Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Alƙalan Wasan Yaƙin Tebur Na Kano: A Tsayar Da Magana Ɗaya Kan Motsi Bayan Faɗa

Assalamu alaikum warahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku, yayyena da malamaina na kwamitin shirya gasa, da sauran waɗanda suke tsaya mana a matsayin alƙalai ranakun Asabar, Allah ya saka muku da alheri kan ɗawainiyar da kuke yi ba ko sisi. Na zaɓi in rubuto a fili maimakon in ja ɗayanku gefe, domin maganar ta shafi duk wanda ya taɓa jera 'yan sojojinsa na roba a kan teburanmu na wasan yaƙin Warhammer 40,000, kuma an daɗe ana ƙus-ƙus a kanta ba a kai ƙarshe ba. Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba.

Buƙatata guda ce. Kafin gasa ta gaba ku zauna ku tsayar da hukunci ɗaya a rubuce kan yadda rukuni zai motsa bayan ya gama faɗan gaba-da-gaba, ku liƙa shi a bango, kowane alƙali ya yi aiki da shi a kowane tebur. A halin da ake ciki, amsar da mutum zai samu ta danganta ne da alƙalin da ya fi kusa da shi lokacin da ya ɗaga hannu.

Mun riga mun amince cewa Warhammer 40,000 muke bugawa, bugu na 10, wanda kamfanin Games Workshop na birnin Notingham a Ingila ya fitar a 2023. Wasan ya fara fitowa tun 1987, kuma kowane sabon bugu sai ya taɓa wani abu a dokokin faɗa. A nan gizo yake saƙar. Da yawa daga cikinmu ba daga littafi muka koyi wasan ba, daga bidiyon YouTube ne, kuma bidiyo ba ya faɗa maka ya tsufa. Wani ya koya daga bugu na 8 na 2017, wani daga na 9 na 2020, wani kuma ya shigo kai tsaye a na 10. Duk sun zauna a tebur ɗaya, kowa yana rantsuwa da idonsa ya ga an yi yadda yake faɗa, kuma babu wanda ya yi ƙarya.

A bugu na 9, idan rukuni ya gama sara, kowane ɗan soja zai iya matsawa har inci 3 muddin ya ƙare kusa da abokin gaba mafi kusa da shi fiye da yadda yake a da, ko da abokin gaban nan yana can ƙarshen tebur. Bugu na 10 ya ɗaure wannan motsi da sharuɗɗa masu bin juna, kuma ba a tsallake na farko a faɗa na biyu. Abin da za a fara dubawa shi ne: idan rukunin ya yi tafiyar inci 3 ɗin nan, zai iya ƙarewa cikin tazarar arangama da wani rukunin abokan gaba, wato inci 1 a kwance da inci 5 a tsaye, ba tare da sahunsa ya tsinke ba? Idan zai iya, to hanya ɗaya ce a gabansa. Duk ɗan sojan da ya motsa dole ya ƙare kusa da abokin gaba mafi kusa da shi, in kuma gindinsa, wato ɗan faifan da yake tsaye a kai, zai iya taɓa gindin na abokin gaban, dole ya taɓa. Wanda gindinsa ya riga ya haɗu da na abokin gaba tun farko ba ya gusawa ko kaɗan. Sai idan wannan hanya ta toshe ne ake duba ta biyu, wato rukunin ya nufi turke mafi kusa, alamar nan da ake ajiyewa a fili ana ƙwace maki a kanta, da sharaɗin zai ƙare cikin inci 3 da ita kuma sahunsa a haɗe. In nan ma ba ta yiwu ba, kowa ya tsaya inda yake, faɗansa ya ƙare.

A taƙaice lissafin ba shi da wuya. Abokin gaban da ya wuce inci 4 daga sojanka mafi kusa da shi ya fi ƙarfinka. Turken da ya wuce inci 6 shi ma haka. Wanda ya riƙe waɗannan lambobi biyu ya raba rabin gardamar da muke yi.

Ga abin da ya faru a gasar da ta wuce, a teburin da ke jikin taga. Wani yaro da bai daɗe da gama sakandare ba, wanda ke hawo adaidaita sahu tun daga Hotoro da 'yan sojojinsa a cikin kwalin takalmi an shimfiɗa musu auduga, ya kai farmaki da mayaƙa 10 ya share wani ƙaramin rukuni tas. Bayansu da inci uku da rabi akwai rukunin masu manyan bindigogi. Yaron ya ja tef ya auna a gaban kowa, ya fara tura sojojinsa ɗaya bayan ɗaya, yana kula kowanne na da 'yan uwa biyu cikin inci 2 da shi, kamar yadda doka ta ce ga rukunin da ya kai mutum 7 ko fiye. Abokin karawarsa, dattijo ne sa'an mahaifinsa, ya ɗora yatsa a kan tebur ya ce, "A'a yaro, ba a haka. Ai ba su ka kai wa farmaki ba." Aka kira alƙali, ya ɗan yi shiru, ya ce gaskiya ne, tunda ba a ambace su lokacin farmaki ba, ba za a taɓa su ba. Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "To Baba, yadda kuka ce," ya mayar da sojojinsa baya da hannunsa. Da yi ya zo kan dattijon, bindigogin nan suka kwashe mayaƙan a harbi ɗaya.

Hukuncin nan ba daidai ba ne. Haramcin shiga tazarar rukunin da ba ka ambata ba yana kan tafiyar farmaki ne kaɗai, bai shafi gyaran tsayuwa bayan faɗa ba. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne a wannan yammacin, tebur biyu tsakani, wani alƙalin ya bar wani ɗan wasa ya matsa inci 3 cur zuwa wajen abokan gaban da ke inci 8 daga gare shi, har ya samu ya ɓuya a bayan kango, abin da bugu na 9 ya yarda da shi amma na 10 ya hana. An tauye wa wani abin da doka ta ba shi, an ba wani abin da doka ta hana shi, a ɗaki ɗaya, kuma duka sakamakon biyu suka hau allon maki ɗaya.

Ba na zargin kowa da son kai. Dattijon abin da ya sani ya faɗa, alƙalin kuma yana da tebura da yawa a wuyansa ga zafi ga rashin wuta. Amma ina roƙonku ku dubi yaron nan da kyau, domin shi ne dalilin wannan wasiƙa. Ya san dokar, na tabbata ya sani, tunda yadda ya auna ya nuna ya karanta. Abin da ya hana shi magana tarbiyya ce. A garin nan ba a ɗaga wa babba murya, ba a ce masa "ba haka ba ne" a gaban jama'a, kuma ba na fatan ranar da wasanmu zai koya wa yaranmu yin haka. To amma idan ba za su iya musu ba, dole a samu abin da zai yi magana a madadinsu. Takarda a bango ba ta jin kunyar kowa. Yaro zai iya cewa, "Baba, ko mu duba takardar?" ba tare da ya zubar da girman kowa ba, dattijo ma ya duba ya ce "ashe haka ne" ba tare da ya ji an kayar da shi ba. Muddin hukunci yana cikin kan alƙali kaɗai, mai furfura da mai babbar murya ne za su riƙa cin gardama, masu kunya kuma su riƙa tattara kwalayensu suna daina zuwa ba tare da sun faɗa wa kowa dalili ba.

Wani zai ce inci uku ne fa, me ya kai na wasiƙa? Wanda ya buga wasan ya san inci ukun nan sun fi wata doguwar tafiya tsada. Rukunin da aka shiga tazararsa ba ya harbi sai da ƙananan bindigogin hannu. Tankoki da dodanni ne kawai aka ɗaga wa ƙafa, su ma sai an rage musu 1 a ƙwayar dais wajen samun abin harbi. In rukunin ya zaɓi ja da baya, ya rasa harbi da farmaki a wannan karon. Shi kuma wanda ya kutsa ya sami mafaka, domin galibin bindigogin abokan gaba ba sa harbi cikin cakuɗewar faɗa. Wasan zagaye 5 ne kacal. Rukunin da aka rufe wa baki zagaye guda ya yi asarar kashi ɗaya cikin biyar na amfaninsa, in kuma turke ne aka taka, maki ne ya sauya hannu.

Kutsawar ma ba kyauta ba ce, kuma wannan na cikin abin da nake so takardar ta fayyace, don an sha yin musu a kansa. Rukunin da aka kutsa wa, in bai riga ya yi faɗa a wannan zangon ba, ya cancanci a zaɓe shi ya yi sara, shi kuwa mai kutsawar ya riga ya ci rabonsa, ba ya sara sau biyu. Sau da yawa mai zumuɗi kan tura ragowar mutum uku cikin ƙattin da ke hutawa, sai dara ta ci gida. Da an bar yaron Hotoro ya yi motsinsa, da masu bindigogin sun sami damar dukansa da gindin bindiga, ya kuma san da haka ya zaɓa. Wannan lissafin riba da hasara shi ne daɗin wasan, kuma shi hukuncin ya ƙwace wa su biyun.

Akwai wata dabara da na ji ana kira maguɗi alhali halas ce. Mai rukunin da ake sara shi ke zaɓar wanda zai mutu cikin sojojinsa, in dai babu wanda ya riga ya ji rauni, wanda dole a fara da shi. Saboda haka mai wayo kan cire na gaba-gaba don tazarar ta wuce inci 4, abokin karawa ya rasa inda zai kutsa. Haka kuma wanda abokin gaba ke kusa da shi amma ransa na kan turke ba shi da zaɓin tafiya turken. Ko ya nufi abokin gaba, ko ya tsaya, tunda motsin dama ce aka ba shi ba tilas ba. Ku rubuta waɗannan biyun ɓaro-ɓaro.

Na san hujjar da wasunku ke kawowa, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa hankali bai ɗauka ba a ce mayaƙan da suka gama cin nasara su tsaya ƙiƙam a fili don kawai abokin gaba ya zarce inci 4 da kaurin ƙwayar gero, alhali ga kango nan kusa da za su fake. Suna cewa aikin alƙali ya duba abin da zai faru a yaƙin gaske. Wannan ra'ayi yana da tarihi. A 1824 wani hafsan sojan Furusiya mai suna Georg von Reisswitz ya gabatar wa manyan sojan ƙasarsa wasan yaƙi na horar da hafsoshi a kan taswira, mai dokoki masu yawa da dais da alƙali a tsakiya. Da dokokin suka yi wa mutane nauyi, a 1876 wani hafsan, Julius von Verdy du Vernois, ya kawo salon da alƙali ke yanke hukunci da saninsa, a ajiye yawancin lissafin gefe. Sai dai alƙalan wancan salon hafsoshi ne da suka ga yaƙi da idonsu, kuma darasi suke koyarwa, ba kofi ake ci ba. Mu kuwa a cikinmu akwai tela, akwai malamin makaranta, akwai mai gyaran waya a Farm Centre, akwai ɗaliban Jami'ar Bayero, kuma yaƙin da muke bugawa na dodanni ne a wata duniyar da ba a taɓa yi ba. Wane ne a cikinmu zai ce ga yadda ake yi a gaske? Idan alƙalai uku suka bi hankalinsu, hukunci uku za a samu, kamar yadda muka gani.

Ban ce littafin Turawa wahayi ne ba. In kwamiti ya ga wata doka ba ta dace da mu ba, yana da ikon sauya ta. Ku ce a gasar Kano an yarda rukuni ya matsa zuwa mafaka bayan faɗa, ni zan bi, ko da ban so ba. Sharaɗin kawai a faɗa tun kafin kowa ya tsara rundunarsa, domin mai rundunar masu sara da mai rundunar masu harbi ba ɗaya dokar za ta shafe su ba. Abin da ba zai yiwu ba shi ne a ƙirƙiro dokar gida a zagaye na 3, bayan an ga wanda za ta amfana. Ko masu dara a gindin bishiya sai sun daidaita kan ƙa'ida kafin a dasa ƙwayar farko.

Sai batun awo, wanda shi ma yake hura wutar. Doka ta ce daga bakin gindi zuwa bakin gindi ake aunawa, ta wajen da suka fi kusa, kuma mutum na da damar aunawa duk lokacin da ya ga dama. Amma me muke aunawa da shi? Wani ya zo da tef ɗin tela na leda wanda ya sha ja har ya miƙe, wani da rula ta 'yan makaranta mai santimita kaɗai, yana lissafin inci 3 a matsayin santimita 8 alhali 7.62 ne. Wannan ɗan bambancin ya isa ya shigar da rukuni tazarar da bai kamata ya shiga ba. Tef ɗin ƙarfe na kafintoci yana nan birjik a kasuwar Sabon Gari. Mafi sauƙi ma, a ba kafintan da ya yanka mana allunan tebur na inci 44 da 60 ya fitar da 'yan ƙananan ma'auni daga ragowar katakon, gefe ɗaya inci 1, ɗaya inci 2, ɗaya inci 3, a ajiye guda a kowane tebur. In ma'auni ya shiga tsakani, magana ta ƙare.

Gindin sojojin ma abin dubawa ne. Kowa ya san abin da kuɗin kwali guda na asali ya zama in aka juya shi zuwa naira aka haɗa da kuɗin kawowa, shi ya sa da yawanmu muke wasa da waɗanda aka buga da injin roba ko ma wasu 'yan sojojin dabam da muka yi wa fenti. Ba na ƙin wannan, in ba don haka ba da teburanmu sun bushe. Sai dai wanda ya kamata ya tsaya a kan gindi mai faɗin milimita 32 aka ɗora shi a kan murfin kwalbar lemo ko babban wasali, to awonsa ya sauya, yawan waɗanda za su iya zagaye abokin gaba ma ya sauya. A duba faɗin gindi ranar rajista, ba sai faɗa ya kaure ba.

Wani ɗan abu kuma da ya shafe mu mu kaɗai: lokacin sallah kan riske mu ana tsakiyar faɗa. A tashi a tafi La'asar, a dawo a tarar fanka ta ture kangon kwali ko gefen babbar rigar wani ya share mutum biyu, sai a shiga "a nan yake", "a'a, a can yake". A sa doka kowane tebur ya ɗauki hoto da waya daga sama kafin a tashi, ko kuma a ƙarasa motsin rukunin da aka fara kafin a miƙe. Kada kuma mu manta cewa mutanen unguwa da ke jin ƙarar dais suna ganin samari sun kewaye tebur tuni wasunsu ke zaton caca ake yi, alhali ba a sa ko kwabo. Duk ranar da murya ta tashi kan inci ɗaya, zaton nan muke ƙarfafawa, kuma mai ɗakin da ya ba mu aro yana ji.

Game da takardar kanta, shafi ɗaya ya isa, da Hausa, da zane biyu ko uku masu nuna rukuni da abokin gaba da turke da tazarar da ke tsakaninsu. Wanda zai rubuta ya kula ya raba inda doka ta ba da dama da inda ta tilasta, domin yawancin rigimarmu a nan take. A rubuta a sama cewa bugu na 10 ne, a kuma sa ranar da aka rufe karɓar gyare-gyare, tunda kamfanin kan fitar da ƙarin bayani da gyaran dokoki kyauta a shafinsa na intanet lokaci zuwa lokaci, kuma ba daidai ba ne wani ya zaro sabon gyara daga wayarsa ana tsakiyar wasa. In wani abu ya taso da takardar ba ta ambata ba, alƙali ya yanke, a rubuta abin da ya yanke a ƙasan takardar nan take, ya zama shi ne hukuncin kowane tebur har a tashi. Alƙalin da shi ma yake cikin gasar kada ya yi hukunci a teburinsa ko teburin wanda suke kankankan da shi a maki. Ba don ana zarginsa ba, don a sauke masa nauyi ne.

Sakamakon gasar da ta wuce ban nemi a taɓa shi ba, wanda ya ci ya ci. Amma ina ganin ya dace ɗayanku ya kira yaron nan na Hotoro ya gaya masa cewa awonsa daidai ne, domin tun ranar ban sake ganinsa ba.

In kun amince, ni da wasu abokai biyu za mu kawo daftarin takardar da zanen ranar Asabar mai zuwa bayan Azahar, ku duba ku gyara, ku sa hannu. Katakon ma'aunin kuma na ɗauki nauyinsa.

Allah ya ƙara haɗa kanmu, ya bar zumunci.

Wassalam.

Naku,
Ɗaya daga cikin 'yan wasa, daga Gwale, Kano.